Rumfar itace a ƙasar ƙanƙara: a rufe ta ko a bar ta a buɗe?

Baban Walid: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, musamman wajen kafintocinmu da waɗanda suka riga mu zama a ƙasashen sanyi. Bara muka tashi daga cikin Ottawa muka koma wani ƙauye da ke yamma da birnin, tafiyar kusan awa ɗaya a mota, saboda haya ta fi ƙarfinmu. Gidan da muka samu tsoho ne. Kowane ɗaki akwai hitar lantarki a gindin bango, a falo kuma ga wani murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi, bututun hayaƙinsa ya fita ta rufi. Ranar da na fara ganinsa dariya na yi, na ce wa Maman Walid mun baro itace a Funtuwa ga shi ya biyo mu Kanada. Takardar kuɗin wutar da ta zo a Disamba ce ta katse min dariyar.

Sai na shiga neman itace a gurguje. Wani ya kawo min a bayan mota, ya tabbatar min busasshe ne. Wallahi in ka sa shi a wuta sai ka ji yana tsuwwa, kumfa na fitowa ta bakin gungumen kamar ana dafa shi. Cikin kwana 2 gilashin ya yi baƙi ƙirin, falo ba ɗumi, yara suna kwana da rigunan sanyi da safa. A Janairu akwai daren da sanyi ya kai digiri 28 ƙasa da sifili.

Yanzu ga Afrilu, ƙanƙara ta narke, ina so in gina rumfar itace tun da wuri. In zagaye ta da bango ko in bar ta a buɗe? Girma nawa? Kuma kusa da gida ko nesa?

Oga Kafinta Kurna: Wa alaikumus salam Alhaji. Ai wannan ƙaramin aiki ne. Dirka 6 masu kauri, kowacce ka haƙa mata rami ƙafa 2, ka shafe gindin da baƙin mai saboda gara, ka zuba kankare. Sama kwano, ka karkata shi baya ruwa ya riƙa zuba can. Sai ka zagaye da falanki ko tsohon kwano, ka sa ƙofa da kwaɗo. Da ina kusa kwana 2 na miƙa maka makulli.

Ɗan Gembu: Oga, da girman kujerarka, in ya bi wannan shawarar naman kaza zai girba a Disamba. Ku a Kano ko a ƙuryar ɗaki ka jefa ɗanyen itace iskar hunturu za ta bi shi har can ta busar, shi ya sa ba ku san wahalar ba. Mu nan Mambila ruwa kusan wata 8 yake yi, hazo kuma a tsakar gida yake kwana. Na taɓa yin irin shagon da ka faɗa, na cika shi da ɗanyen turare na kulle. Bayan wata 4 na buɗe, warin rima ya buge ni, na ƙasan ya yi baƙi ya yi fumfuna, in ka danna da farce ruwa ya fito. Tun daga ranar rufi kawai nake yi, gefe a buɗe. Iska ce ke busar da itace, rufin nan don kada ruwan sama ya mayar da kai baya ne.

Oga Kafinta Kurna: To ɓarayi fa? Ka jera dukiyarka a fili ka je ka kwanta?

Baban Walid: Oga, maƙwabcina a bakin titi ya jera nasa, tsawonsa ya kai sahu guda na masallacin Juma'a, ba wanda ya taɓa ɗaukar ko tsinke. Ɓarayin nan ɓeraye ne da kurege.

Kawu na Minesota: Ɗana Baban Walid, sannu da shan sanyi. Shekarata 19 ina hura murhu a arewacin jihar Minesota ta Amurka, kuma abin da ya same ka ya same ni a shekarar farko, har da ƙari. Ba a fafe gora ranar tafiya, duk wanda ya nemi itace a Disamba ragowar kasuwa zai samu. Mutumin ma ba lallai da gangan ya cuce ka ba. Wasu in gungume ya shekara a kwance a daji sai su ce ya bushe, alhali shekaranjiya suka faskara shi. Gungumen da ba a tsaga ba ɓawonsa na tsare ruwan ciki, don haka daga ranar faskare ake fara ƙirga.

Ma'aunin itace a nan kod ake ce masa: jeri mai tsawon ƙafa 8, faɗi 4, tsayi 4, ƙafa 128 kubik kenan. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Kod ɗaya na ɗanyen itacen wata bishiya mai nauyi da ake kira ok ya haura tan 2, kuma kafin ya bushe sai ya fitar da ruwa sama da lita 500. Ka ƙiyasta jarka 20 irin ta 'yan ga-ruwa, kura biyu kenan a cike. Wannan ruwan ka wuni kana tafasawa a falonka, zafin da ya kamata ya shiga jikin jikokina ya ƙare wajen mayar da shi tururi. Ana so danshin itace ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100. Akwai 'yar na'ura mai allura biyu da ake aunawa da ita, ba ta da tsada. Amma kada ka soka a baya, ka tsaga guda ɗaya ka auna a sabon cikin.

Batun rumfa kuwa, ɗan'uwanmu na Gembu ya faɗi gaskiya. Gaba a buɗe gaba ɗaya, ta fuskanci kudu in wurin ya ba ka dama. Gefe da baya ka buga falanki a kwance, tsakanin kowane biyu ka bar tazarar tafin hannu. Daɓen ma falanki ne mai tazara, a ɗage daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, iska ta riƙa bi ta ƙarƙashi. Rufi ya zarce jerin itacen da ƙafa ɗaya ko fiye. Sannan ka raba ta ɗaki biyu, wannan shi ne abin da na yi nadamar rashin yi tun farko. In ɗaki ɗaya ne, busasshen yana can baya, sabon ɗanyen da ka jera yana gaba ya tare maka hanya. In biyu ne, kana cin ɗaya ɗayan na bushewa. Tsawo ƙafa 16, zurfi 8, ka jera tsayin ƙafa 6, kowane ɗaki zai ɗauki kod 3.

Abu ɗaya zan gyara wa Oga. Ramin ƙafa 2 a lardinku na Ontariyo ɓarna ce. Ƙasarku tana daskarewa zurfin sama da mita ɗaya, ruwan cikinta ya zama ƙanƙara ya kumbura ya turo dirka sama, kowace shekara kaɗan-kaɗan har rumfa ta karkace. Ko ka haƙa ka wuce inda ƙasa ke daskarewa, ko ka share wurin ka zuba tsakuwa ka daddaɓe ka ɗora rumfar a kan bulon kankare, ta riƙa hawa da sauka tare da ƙasar. Ni na biyun na yi.

Oga Kafinta Kurna: Ikon Allah! Mu gara ke cin dirka daga ƙasa, ku ƙasar ce da kanta ke tofar da ita. Kawu, na sallama a nan. Amma rufi dai nawa ne: in dusar ƙanƙara za ta kwanta a kai, kada ya yi wasa da katakon sama. Ya sa mai kauri, ya matse tazara, kuma ya buga tokara a kusurwa don kada ta yi rawa.

Kawu na Minesota: Wannan kam daidai ne Oga. Jiƙaƙƙiyar dusa ta Maris nauyi gare ta kamar jiƙaƙƙen yashi. Na ga rumfar da ta durƙusa a kan itacen mai ita.

Baban Walid: Kawu tsaya tukuna. Faɗi ƙafa 4 ka ce? Ni wanda aka kawo min tsawo 8 ne, tsayi 4, amma faɗin tsawon gungume ɗaya ne kawai. Kuma kod ya kira shi.

Kawu na Minesota: Shi suke kira fes kod. In an yanka itacen inci 16, kashi ɗaya cikin uku ne na cikakken kod. A yankinku da lardin Kebek mutane da yawa in sun ce kod shi suke nufi, don haka kafin ka yi ciniki ka tambaya: cikakke ko na fuska? Ka kuma tambayi wane iri ne, da watan da aka faskara.

Ɗan Gembu: Ashe har Turawa na da mudu da tiya. Ka je sayen tiya aka auna maka mudu, Alhaji.

Mai Kishin Daji: Ni abin da ya ɗaure min kai daban ne. A nan zauren muka yi sati muna kukan yadda ake share dazukanmu. Ka tsaya a hanyar Zariya zuwa Kano da asuba ka ƙirga motocin itace da buhunan gawayi. Tun da gas ya yi tsada har ma'aikata sun koma gawayi, ana sare ƙirya da kaɗanya, itatuwan da sai mutum ya yi jika kafin su girma. Yanzu kuma ɗan'uwanmu ya je ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, maimakon ya zama abin koyi sai ya koma faskare, mu kuma muna tafa masa. In sare itace laifi ne a Falgore, laifi ne a Kanada.

Baban Walid: Yaya, wa ya ce maka ba ta ɗaukewa? A Mayun 2022 guguwa ta bi ta Ottawa, unguwanni da yawa sun yi kwanaki babu wuta, ina cikin birnin a lokacin. Tsofaffin ƙauyen nan kuma har yau labarin Janairun 1998 suke yi, lokacin da ruwa mai daskarewa ya karya turakun lantarki a gabashin Ontariyo da Kebek, miliyoyin mutane suka zauna a duhu, wasu har makonni, a tsakiyar sanyi. Gidan da ke da murhu shi ya zama mafakar maƙwabta. Shi ya sa ko mai kuɗi a nan ba ya cire nasa.

Kawu na Minesota: Kuma ka duba irin itacen da ake ƙonawa. Akwai wani ƙwaro kore mai sheƙi da aka fara gano shi a 2002 a yankin Detroit da Windsor, yana shiga ƙarƙashin ɓawon bishiyar ash ya kashe ta. Ya kashe miliyoyin bishiyoyi a Amurka da Kanada. Gonaki cike suke da matattun ash a tsaye, masu gona neman wanda zai kwashe suke yi kafin su faɗo wa wani a ka. Saboda ƙwaron ne ma hukuma ke hana ɗaukar itacen wuta daga wani yanki zuwa wani, a sayi na kusa a ƙona a kusa. Baban Walid, ash ɗin nan shi za ka nema bana, don yana saurin bushewa. Mapul, mai ganyen da ke jikin tutarku, ka ba shi shekara. Ok kuwa ya fi su riƙe garwashi, amma sai ya shekara 2.

Ɗan Maraɗi: Malam Mai Kishin Daji, ina tare da kai ga batun masu share daji da tushe. Amma gatari ba shi da laifi, hannun da ya riƙe shi a ka tambaya. Mu nan Maraɗi lokacin da ni ke yaro gonakinmu fayau su ke, mata na tafiya nesa neman icce, wasu da kara da kashin shanu su ka girki. Daga 1983 anka fara abin da mu ke ce ma sassabin zamani, wani ɗan Ostireliya Tony Rinaudo na cikin waɗanda sunka yaɗa shi. In kututture ya tofo, ba ka sare shi duka, ka bar rassa biyu ko ukku masu ƙarfi ka sassabe sauran. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da sunka farfaɗo cikin Nijar. Gonar babana gawo da kalgo da sabara sun cika ta, iccen gidanmu daga sassabe ya ke fitowa, har mu saida.

Mai Kishin Daji: Na ji, kuma na yarda mataccen ash da ƙiryar da aka sare da ranta ba ɗaya ba ne. Amma hayaƙin fa? Shi ma mataccen ba turare yake fitarwa ba.

Maman Ikram Jos: Yauwa, an zo wurin da nake jira. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma duk hunturu sai mun ga abin da ba ma so. Akwai wata asuba da aka kawo mana mutum 5 'yan gida ɗaya. Sanyi ya matsa, suka shigar da kaskon gawayi ɗaki, suka toshe ƙasan ƙofa da tsumma, taga kuma dama an liƙe ta da leda. Allah ya sa maƙwabciya ta zo aron ashana ta yi ta bugu ba amsa. Uwar da yara 3 sun tashi, kakar ba ta tashi ba. Iskar da ake kira kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini ya fi kama ta sau 200 a kan iskar da muke rayuwa da ita. Farko ciwon kai, sai jiri da tashin zuciya, sai barci mai nauyi. In duk mutanen ɗaki suka tashi da ciwon kai lokaci guda, a buɗe ƙofa a fita waje kafin a fara neman Panadol. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida na kashe mutum kimanin miliyan 3 a shekara, yawanci a gidajen da ake girki da itace da gawayi ba mafitar hayaƙi.

Baban Walid, naka murhun a rufe yake kuma yana da bututu, ya fi kasko nesa ba kusa ba. Amma bututu na toshewa. Kana da na'urar da ke ƙara in iskar nan ta taru?

Baban Walid: Allah ya jiƙan tsohuwa. Akwai, Anti, guda 2, ɗaya a bakin ɗakunan kwana. Tun 2014 doka ce a Ontariyo ga duk gidan da ake ƙona wani makamashi a ciki. Kamfanin inshora ma sai da suka sa aka kawo mai takardar WETT, wato shaidar ƙwarewa kan murhun itace, ya duba murhun da tazararsa da bango kafin su karɓe mu. Abin da ya tsorata ni shi ne makon jiya da na kira mai share bututu. Ya hau rufi ya zura burushi, abin da ya zubo baƙi ne mai ƙyalli kamar fasasshiyar kwalta, ya kusa cika bokiti. Ya dube ni ya girgiza kai, ya tambaye ni ɗanyen itace na ƙona? Na ce tun Disamba.

Kawu na Minesota: Ka yi sadaka, ɗana. Wannan ba kunkunniyar madafa ba ce da ake kakkaɓewa da tsintsiya. Kiriyosot ake kiransa. In wuta ba ta ci sosai ba, hayaƙin ya hau bututu mai sanyi, sai ya daskare a jiki, kuma shi kansa makamashi ne. Ranar da ya kama, zafinsa na haura digiri 1,000, za ka ji bututu na ruri kamar jirgin ƙasa na wucewa ta falo. Abu biyu ke tara shi: ɗanyen itace, da rufe wa murhu iska don wuta ta kai safe. A share bututu ko da sau ɗaya a shekara. Kada ka ƙona katako mai fenti ko wanda aka jiƙa da maganin ruɓewa, guba ce. Kuma ka koyi kunna wuta daga sama: manyan itace a ƙasa, matsakaita a kansu, ƙirare a can sama, ka kunna ƙiraren.

Ɗan Gembu: Kawu yau kuma? Wuta daga sama? Tun kakanninmu ƙirare a ƙasa suke.

Kawu na Minesota: Gwada yau da daddare ka ba mu labari. Hayaƙin da manyan ke fitarwa dole ya bi ta cikin harshen wutar da ke sama, sai ya ƙone maimakon ya fita. Bututu kuma ya yi zafi da wuri ya fara ja.

Goggon Tudun Wada: Jikarta ce ke rubuta mata. Goggo ta ce a gaishe da Maman Walid da yara. Ta ce duk wannan lissafin da kuke yi su ba da na'ura suka san shi ba, haɗa itace biyu ake yi a buga, in ya yi ƙara garau ya bushe, in ya yi dum a mayar. Ta ce a zamaninsu tun ciki na wata 6 miji ke fara tara itacen wankan jego, kwana 40 ana tafasa ruwa safe da yamma, kuma namijin da ya kawo ɗanye ko na kuka har a bakin rijiya sai an yi da shi. Marke da ƙirya su ne na masu mutunci. Ta ce ɗakinta na aure akwai gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, da magariba a zuba garwashi, kafin a yi shirin barci wutar ta mutu amma gadon na nan da ɗumi har kiran assalatu.

Ɗalibi a Umeya: Goggo ta tuna min abin da na gani a nan Suwidin. Tsofaffin gidaje suna da wani dogon murhu na bulo da aka lulluɓe da tayil, tun 1767 wasu mutum biyu, Cronstedt da Wrede, suka gyara fasalinsa saboda ƙasar na tsoron ƙarancin itace. Hayaƙi ba ya fita kai tsaye, sai ya zagaya ta hanyoyi a cikin ginin, ya hau ya sauko, bulo ya shanye zafin. A hura wuta mai ƙarfi sau ɗaya ko biyu a rana, sauran lokacin bangon ke ba da ɗumi. Dabarar gadon Goggo ce, sai dai su sun yi wa hayaƙin hanyar fita.

Maman Ikram Jos: Hanyar fitar nan ita ce magana. A gaishe da Goggo, amma a ce mata jikokinta kada su gwada gadon a ɗakin siminti mai tagar gilashi. Ɗakin da na da rufin ciyawa ko azara yana numfashi.

Maman Walid: Salamu alaikum. Tun jiya nake karantawa ban ce komai ba, amma tambaya ta uku ba wanda ya amsa, kuma ita ce tawa. Shi yana fita aiki ƙarfe 6 na safe, ni ke ɗebo itace. Wurin da ya auna zai kafa rumfar can ƙarshen fili ne wajen shinge. A Fabrairu dusa na kai min gwiwa. Ni dai a jingina ta da bangon kicin.

Kawu na Minesota: 'Yata, kina da gaskiya kuma ba za a jingina ba. Masu kashe gobara a Kanada shawararsu tarin itace ya yi nesa da gida mita 10. Ban da gobara, ɓera da tururuwar katako duk a cikin itace suke sauka, in rumfa na jikin bango kin yi musu gada zuwa kicin. Abin da muke yi a gidana: rumfa a nesa amma a gefen hanyar da dama ake share wa dusa, sai ƙaramin maratayi a baranda mai ɗaukar itacen sati ɗaya. Ranar Asabar maigida da yara su cika shi da abin jan nan da yara ke wasan zamiya da shi a kan dusa. Ke taki 3 kawai za ki yi.

Maman Walid: Kawu ka ji da kunnenka, kai ne shaida, ya ce ya yarda da Asabar. Bari in ƙara wa mata wani abu da ya same ni. Na kwashe toka da safe, na taɓa ta sanyi ƙalau, na zuba a bokitin roba na ajiye a baranda. Da azahar Walid ya shigo yana cewa Mama wani abu na wari. Gindin bokitin ya narke, katakon baranda ya yi baƙi faɗin faranti. Garwashi na ɓuya a cikin toka ya yi kwanaki da ransa. Yanzu bokitin ƙarfe mai murfi nake amfani da shi, kuma a kan dutse nake ajiyewa can waje.

Ɗan Gembu: Jama'a na dawo da rahoto. Na kunna daga sama. Matata ta tsaya tana min dariya, ta ce zaure ya fara taɓa ni. Ta ɗan yi jinkirin kamawa, amma hayaƙin da ke sa mu hawaye kullum yau babu ko rabinsa. Kawu, na ba ka wannan.

Baban Walid: Salam jama'a, ga rahoton Yuni. Rumfa ta tashi. Ƙafa 16 da 8, ɗaki biyu, a kan tsakuwa da bulo 15. Na je ofishin ƙaramar hukuma na tambaya kafin in fara, suka gaya min tazarar da zan bari daga shingen maƙwabci. Asabar 4 ta ci mu, ni da maƙwabcina, dattijo ne ɗan shekara 70 da wani abu amma in ya riƙe guduma sai ka ji kunya. Daɓen da falankin tsofaffin fale-falen ɗaukar kaya na yi, ya nuna min in zaɓi masu hatimin HT, waɗanda da zafi aka gasa su, in guji masu MB don da magani aka yi musu hayaƙi. Oga, na buga tokara a kowace kusurwa kamar yadda ka ce. Ɗakin hagu ash kod 3, daga gonar wani manomi mai nisan kilomita 6. Na dama mapul da ok a haɗe. Akwai ƙarin kod ɗaya da rabi da bai samu wuri ba, na jera a waje na ɗora tsohon kwano a sama na danne da duwatsu. Hannuna duk kanta, na gane dalilin da masu faskare a gida ba sa rage kuɗi.

Oga Kafinta Kurna: Na ga hoton. Aiki ya yi, sai dai layin kwanon na hagu ya ɗan sauka, da igiya ka ja kafin ka buga. Har yanzu dai rumfa ba ƙofa idona bai saba ba.

Baban Walid: Rahoton Nuwamba. Jiya dusar farko ta sauka. Na tsaga uku na auna danshinsu: ash kashi 18, mapul 23, ok 31. Ash ɗin ashana ɗaya ya kama, gilashi garau har ana ganin garwashi, Walid ya cire riga yana yawo da singileti, uwarsa na cewa a rage wuta. Mapul sai wajen Fabrairu in ash ya ƙare, ok kuwa ko kallonsa ba na yi sai baɗi. Matsala ɗaya: wata dabba mai baƙi da farin zane a baya ta tare a ƙarƙashin daɓen, irin mai fesa warin nan. Maman Walid ta ce tunda ni na ɗage rumfar daga ƙasa, ni zan je in yi mata magana.

Kawu na Minesota: Kada ka matsa mata kuma kada ka toshe ramin tana ciki. Ka yayyafa gari a bakin ramin, in ka ga sawunta ya fita da daddare sai ka buga ragar waya zagaye da gindin rumfar, ka binne ƙasan ragar kamar taƙi ɗaya. Ka yi sauri kafin ƙasa ta daskare.

Oga Kafinta Kurna: Da kun sa ƙofa da kwaɗo.